Ƙananan ƙudajen nan na iya kashe barewa kuwa?

Malam, tambayarka ita ce ko ƙudajen nan masu cizo, waɗanda ba su fi milimita 3 ba, suna ɗaukar wa barewa cuta. Suna ɗauka ƙwarai. Ana kiran jinsinsu Culicoides, kuma su ke yaɗa cutar zubar jini ta EHD da 'yar uwarta cutar shuɗin harshe. An fara gano EHD a 1955 a jihar New Jersey ta Amurka.

Macen ce ke cizo. Ta sha jinin barewa mai ciwo, ƙwayar cutar ta hayayyafa a jikinta, ta je ta ciji wata. Barewa ba ta shafa wa barewa kai tsaye.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne lokacin fari. Tabkuna su janye, su bar taɓo inda ƙudajen ke ƙyanƙyasa, barewa kuma su yi cincirindo a ɗan ruwan da ya rage. Mai ciwon za ka ga wuya da harshe sun kumbura, zazzaɓi ya tura ta bakin ruwa, sau da yawa nan ake tsintar gawarta.

Mutum dai ba ya kamuwa. Da sanyi mai daskarar da ruwa ya sauka, ƙudajen su mutu, annobar ta lafa.