Laifi ne in kai marayun da nake riƙo wani gida in ɗan huta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, Allah shi ƙara basira. Daga Gusau nike. Ɗiyan ƙanena ukku ke hannuna tun da 'yan bindiga suka kashe shi, uwarsu ta yi aure Ƙauran Namoda mijin ya ce bai iya riƙonsu, ga nawa huɗu. Ƙaramar marayun sikila gare ta, wani daren ba mu barci. Yanzu likita ya ce za a yi mini aiki kuma sai na yi sati biyu zuwa ukku ko bokiti ban ɗaga ba, ƙanwar maigidana ta ce in kawo su wajenta amma wallahi tsoro nike ji a ce na gaji da marayu, don dangin uwarsu bakinsu bai shiru. Mi kika gani?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan ƙanenki, ke kuma ya sa a yi aiki a sa'a. Ki kai su. Babu laifi ko kaɗan, kuma masu surutun nan in da gaske suke ai ƙofa a buɗe take su zo su ɗauka na sati biyun mu gani. Hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance da mai ɗaukar nauyin maraya a Aljanna, bai ce sai kin kashe kanki ba. In ɗinki ya buɗe kika koma gadon asibiti yara bakwai ne za su rasa madafa, ba ukku ba.

A Ingila da Amurka ma wannan hutun tsari ne na hukuma, mai riƙon yaro in ta gaji ko ba ta da lafiya ana kai yaron gidan wata da aka riga aka tantance ya yi kwana biyu ko sati ya dawo, ba wanda ke zaginta. Mu nan ba mu da wannan a rubuce, gwaggo da inna da kaka su ne namu, to tantancewar ta koma kanki.

Abin da na fi so ki kula da shi shi ne zuciyar yaran. Yaron da ubansa ya fita bai dawo ba, uwarsa ta tafi ta bar shi, da ya ga ana cusa kayansa a Ghana-must-go abin da zai zo masa kawai shi ne an sake yar da shi, ko bai faɗa ba, wani sai ki ga ya koma fitsarin kwance ko ya daina cin abinci. Don haka kar su tashi da safe su ga an kira mai Keke. Ki zaunar da su tun yanzu ki ce asibiti za ni, ranar kaza bayan Juma'a ta biyu Baba zai zo ya ɗauko ku, kuma ranar ta cika ko da ba ki gama warwarewa ba. Kafin nan su je su wuni gidan ko su kwana ɗaya su saba. Sannan don Allah kar a kwashe marayun kaɗai a bar naki a gida, wannan shi ne zai ba dangin uwar abin faɗa, kuma yaran ma suna da ido. Ki haɗa su da ɗaya ko biyu cikin naki. Ki bar tabarmarsu da sauran kayansu inda suke.

Ita mai sikila, ki rubuta wa ƙanwar mijinki komai a takarda kar ki dogara da baki: folic acid ɗinta da sauran magungunanta da lokacin shansu, katin asibiti, ta riƙa shan ruwa sosai, a rufe ta daga sanyi, ta kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ko ciwon ƙashi ya taso, asibiti kai tsaye ba kemis ba, ko tsakar dare ne. Ki bar kuɗin mota a gefe saboda haka. In kin ga matar ba za ta iya tashin dare ba, gara ita mai sikilar ta zauna gida a samo wata babba ta zo ta kwana da ku.

Ki kuma duba gidan da kanki, su wane maza ke shiga da fita, ina yaran za su kwanta, musamman in akwai wadda ta fara girma. Ki faɗa mata a fili ba talla ba aikatau, boko da islamiyya kuma kar a tsaya. Na sha ganin "ɗan hutu" ya zama yarinya da tiren gyaɗa a tasha.

Uwarsu ki kira ta da kanki ta ji daga bakinki kafin ta ji a gari, ki ba ta lambar gidan da za su zauna. Abinci kuwa kar ki tura su hannu rabbana, ko kwano biyu na gero da ɗan mai ki haɗa musu. In abin ya yi nauyi maigidanki ya leƙa Hukumar Zakka da Waƙafi nan Gusau, suna taimakon marayu, ya tafi da shaidar mai unguwa ya tambayi yadda ake sa suna.