Talaka, Sawaba da Gurguzu: Amsoshin Tambayoyinku

Daga Maraɗi: Allah gafarta Malam, ashe talaka da matalauci ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ɗana, kuma abin yana damuna yadda 'yan rediyo ke cakuɗa su. Matalauci shi ne wanda ba shi da abin hannu. Talaka kuwa, a asalin magana, shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta. Attajirin kasuwar Kurmi ta Kano mai fataucin goro har Gwanja, idan ya zo fada sai ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya faɗi ya yi gaisuwa, domin talakan sarki ne. Wanda bai gane wannan ba, ba zai gane siyasar neman mulkin kai ba.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, takardar manufarta ta ce rikicin Arewa tsakanin masu riƙe da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ne da talakawa. Su wa suka amsa kiran? Teloli, mahauta, 'yan koli, malaman allo, manoma, har da 'yan kasuwa masu jari. Abin da ya haɗa su shi ne haraji da jangali da aikin tilas da bulalar dogari da kotun alkali. Bature na saman, amma hannun da ya taɓa jikinsu na gida ne. Shi ya sa su Malam Aminu Kano suka dage cewa tafiyar Bature kaɗai ba ta isa 'yanci ba. Sai dai kalmar da ta tara jama'a ita ce ta rufe wani gibin: mai shago da ɗan dakonsa duk talakawa ne a gaban hakimi, amma ranar biyan lada kowa ya san matsayinsa. A ganina nan ne masu ra'ayin gurguzu na yau ke tuntuɓe, suna ɗaukar talakawan 1950 tamkar ƙungiyar ƙwadago ce.

Daga Zariya: To ina ma'anar "Talaka ba aboki ba, ko ka so shi ran biki ka ƙi shi"?

A nan kam rashin abin hannu ake nufi. Ma'anar ta faɗaɗa tun da daɗewa, ban hana ba. Kada dai a manta da ta farkon.

Daga Damagaram, wata malama: Mece ce sawaba?

Sauƙi bayan wahala, Malama, kamar yadda ake cewa kaya sun yi sawaba. Ita ce kirarin NEPU, ita Hajiya Gambo ta Zariya ta ɗauka ta zama sunanta. A ƙasarku kuma jam'iyyar Djibo Bakary ce, wadda ta ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa. Sarakuna da yawa suka bi bayan Faransa, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959.

Daga Kumasi: Daga ina aka samo kalmar gurguzu?

'Ya'yan yakuwa ne, waɗanda ake daddawar batso da su. Tambayi kakarka.

Daga Kaduna: Santsi da Taɓo fa?

Ɓangarorin jam'iyyar PRP ne bayan zaɓen 1979. 'Yan Taɓo suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suka bi su Abubakar Rimi, gwamnan da ya soke haraji da jangali a Kano.