Zuwa ga Uwata, kan littafin sararin samaniya da tatsuniyar rana

Assalamu alaikum, Uwata. Ina fatan kina lafiya, da Babanki da duk mutanen Nima.

Saƙonki ya same ni tun ranar Laraba, littafin kuma ya iso Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yaron mota ya kawo mini shi har ƙofar gida a nan Aboabo. Na ƙi amsa miki sai da na karanta shi tas, kwana shida ina bin sa bayan Asuba da bayan La'asar.

Kin ce Goggonki ta tarar da ke da hantsi kin duƙufa a kansa, ta tambayi abin da ke ciki, kika ce labarin wasu yara ne da aka haifa cikin jirgi a sararin samaniya. Sai ta ce ki ajiye, ƙarya ce, kuma 'yar gidanmu ba ta tatsuniya da rana. Kina so ki ji ko da gaske al'adarmu ta hana. Sannan ke ma kina da naki ƙorafin. Daga fim aka ciro littafin, kin kalli fim ɗin sau uku, amma marubuciyar ta ɗauko yarinyar da ko magana ba ta cika yi ba a fim ta ɗora mata labarin gaba ɗaya, ta ƙara abubuwan da ba ki gani a allo ba. Kin kira wannan ha'inci.

Goggonki ba daga kanta ta ƙago maganar ba, haka aka tashe mu. Mai sunanki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa buɗe bakin tatsuniya ba sai an yi sallar Isha'i an ci tuwo. Tana zaune kan 'yar kujera a tsakar gida tana tace ƙullun kokon gobe, fitilar ƙwai a gefenta, mu kuma yaran gidan haya duka mun kewaye ta, Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa, kowa da Hausa a bakinsa. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Daga wannan kalma har zuwa "ƙurunƙus kan ɗan ɓera", Gizo yana iya hawa sama, kura ta yi magana, Ƙoƙi ta dafa dutse ya nuna, babu mai cewa uffan. Idan ta gama takan ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, da ma ƙaryar ce ta shara mana. Ki lura da wannan, Uwata. Da bakinta take gaya mana abin da ta faɗa bai faru ba. Maƙaryaci so yake a ɗauki zancensa gaskiya, ita kuwa tun a ƙofa ta sanar da mu ɗakin da za mu shiga, ta kuma rufe ƙofar da hannunta bayan mun fito. Littafinki ma a bangonsa an rubuta ƙagaggen labari ne, marubuciyar ta yi tata "ga ta nan".

Maƙwabtanmu Tonawa, wato mutanen Asante, haka suke yi da nasu gizon, Kwaku Ananse. Mai ba da labari yakan fara da cewa ba da gaske muke ba, ba da gaske muke ba, sannan ya shiga. Kuma su ma da dare suke yi.

Maganar rana kuwa, abin da aka gaya mana shi ne duk yaron da ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. A Kumasi wannan ba ƙaramin tsoratarwa ba ne, ke da kin shiga kasuwar Kejetia kin san yadda layi ke haɗiye mutum. Muna yara mun yarda ƙwarai, har idan kwaɗayi ya ci ƙarfinmu sai wani ya tsinko ciyawa ya ƙulla, a ce an ɗaure Gizo, sannan a fara a ɓoye. Sai da na girma na gane abin da ake karewa. Rana ta aiki ce. Goggonki tana 'yar shekara tara take ɗaukar koko da ƙosai ta zaga layi kafin ta tafi makarantar allo, in ta tsaya jin labari koko ya huce, cinikin ranar ya tafi, da shi kuma ake cefanen dare. Ni ana aikena rumfar goro in taya yayyafa ruwa da sauya ganye, in na yi lattin awa ɗaya goro ya fara yaushi. Saboda haka idan Goggonki ta ce ki ajiye littafi da hantsi, ki duba ko akwai wanki a jiƙe ko aiken da ke jiranki ko karatun jarrabawa. In akwai, tana da gaskiya, ki tashi. In babu, ki ba ta haƙuri da ladabi ki ce Baffa ya ce an ɗaure Gizo. Za ta gane, tare muka ƙulla ciyawar.

Ta fuskar addini ba zan yi miki fatawa ba, sai dai in gaya miki abin da na gani a zaure. Cikin manyan littattafan da malamanmu ke karantarwa akwai Muƙamatul Hariri, labarai hamsin na wani Abu Zaid mai wayo da daɗin baki, wanda al-Hariri na Basra ya ƙago da kansa shekaru wajen ɗari tara da suka wuce. Dattawa masu rawani suna haddace shi don su ƙware a Larabci, sun kuma san Abu Zaid bai taɓa taka ƙasa ba. Abin da na ji suna tsawatarwa a kai shi ne labarin da ke koya ɓarna, ko wanda ya sa mutum ya bar salla ta wuce.

Yanzu ga ƙorafinki, kuma a nan ban goyi bayanki ba.

Muna samari 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, ba kowa ke da kuɗin shiga silima ba. Sai mu harhaɗa pesewa mu tura mutum ɗaya Roxy ya kallo mana fim ɗin Indiya, washegari da dare ya zo ya ba mu a baki. Kullum yaro ɗaya muke turawa, ɗan ɗakin da ke kallon namu, domin shi in ya tsaya ƙarƙashin fitilar titi sai ka ga doki, ka ji takobi, ka ji waƙar ma da muryar mace da ta namiji. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, maganganun duka shi yake sa musu. Wata rana na samu kuɗi na shiga na ga fim ɗin da ya riga ya ba mu. Ashe bawan sarkin da ya sa muka yi ta kuka dominsa, a allo sau biyu kawai ya gifta. Abokina ya ga mutum a gefen hoto, ya tambayi kansa me ke cikin ransa, ya ba shi uwa da gari da dalilin baƙin cikinsa. Ban ce ya ha'ince mu ba. Na dawo na ce ya sake ba mu nasa.

Abin da marubuciyarki ta yi ke nan, kuma a wurinmu tsohon abu ne. Tatsuniyar Gizo da Botorami da na ji a bakin mai sunanki ba daidai take da wadda matar liman ke bayarwa ba, babu kuma wadda ta ce ɗayar ta ɓata. Tonawa in sun gama labari sukan ce, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, ku ɗauki wani ku kai gaba, wani kuma ya dawo mini. Ananse da kansa ya bi bayin da aka kwashe daga gaɓar nan ya tsallaka teku, yau ana ba da labarinsa a Jamaika da wani harshe. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, wanda littafin farko ya fito a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu riga da hula, ya ɗora su a bakin aku, har yaro ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. A ƙasar nan tamu ma wani Malam Shaihu ya zauna ya rubuta tatsuniyoyinmu da ajami, Baturen nan Rattray, wanda aka sa wa wurin shaƙatawa sunansa a Kumasi, ya buga su a 1913. Daga baki zuwa takarda, daga takarda zuwa wani bakin. Abin tambaya a kan mai maimaita labari shi ne ko ya ƙara masa gishiri daidai ko ya zabga.

To, a ganina ta zabga a wasu wurare. Faɗan da ke tsakiyar littafin ya yi tsawo, babi uku ana harbe-harbe da gudu a lungunan jirgi, abin da ido ke gani cikin minti biyu a fim ya zama nauyi a takarda. Wanda ya fi damuna shi ne yadda ta zana manya. In ka cire tsohuwa ɗaya, duk babban da ke cikin jirgin ko azzalumi ne ko wawa, yara ne kaɗai ke da hankali. Mutane dubbai a rufe wuri ɗaya, kaka da jika, amma ban ga an gaisa ba, ban ga an zauna cin abinci a kwano ɗaya ba, an yi mutuwa ban ga wanda ya je ta'aziyya ba. Mu da muka tashi gida ɗaya da ƙabila biyar, famfo ɗaya, bayi ɗaya, mun san jama'a ba ta zaunuwa a ƙuntataccen wuri sai da gaisuwa da kunya da wanda ake jin maganarsa. Jirgin da babu waɗannan ba zai kai shekara goma ba, balle ɗaruruwan da ta ce. Na san don matasa ta rubuta, matashi kuma yana son a ce masa shi ne mai gani, amma ki karanta wannan ɓangaren da idonki a buɗe.

Lissafin tafiyar kuwa ta kyauta. Hasken rana minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi kafin ya iso mu, tauraron da ya fi kusa bayan rana kuwa haskensa sai ya shekara huɗu da wani abu a hanya. Jirgi kuwa bai kama ƙafar haske a gudu ba, don haka wanda ya shiga jirgin ba shi zai sauka ba, sai jikan jikansa. Ta gina labarin a kan wannan, ba ta yi tsalle ta tsallake shi ba.

Akwai kuma babin da ya sa na rufe littafin na yi shiru. Tsohuwar nan tana koya wa yarinyar sunayen ruwan sama, yayyafi da mamako da ruwan ƙanƙara, yarinyar da ba ta taɓa ganin gajimare ba, tana maimaitawa tana haddacewa. Wata ta ce mata me amfanin sunan abin da babu shi, tsohuwar ta ci gaba da koyarwarta. Uwata, mu ne wannan. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro ta Gwanja da Salaga, suka sauke kaya a wurin da ake kira zango, wato masaukin ayari, aka wayi gari masauki ya zama gida. Mai sunanki tana ba mu labarin ganuwa da ƙofar birni da rumbun gero da kukar bulukiya, mu kuwa a ƙasar kurmi muke, rogo da ayaba muka sani. Mun haddace sunayen kafin mu ga masu sunan.

Shekarar 1969 ta dawo mini gaba ɗaya. A watan Yuli muka taru gindin rediyo aka ce Amurkawa sun sauka a kan wata, wani tsoho a layinmu ya ce shi dai bai yarda ba, har ya rasu bai yarda ba. A watan Nuwamba gwamnatin Busia, firayim ministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Mu Allah ya sa Baba yana da takarda. Mahaifin abokina mai ba mu fim ba shi da ita. Na taya su ɗaure tabarmi da tukwane, na raka su tasha, na ga an ɗora shi saman kaya a bayan babbar mota. A Kumasi aka yanke masa cibiya, Tonanci yake ji kamar ruwa, za a kai shi ƙasar da bai sani ba sai a tatsuniya. Da motar ta tashi yana ɗaga mini hannu yana faɗin wani abu, ƙarar inji ta hana ni ji. Ban sake ganinsa ba. Marubuciyar da ba ta san Zango ba ta taɓo wannan wurin a raina, kuma da babin da babu shi a fim ɗin ta taɓo shi, cikin abin da kika kira ha'inci.

Kada ki ɗauka hawa sama a labari na Turawa ne su kaɗai. A wannan shekarar ta 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Ina da tsohon kwafi da wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Kano, bangon ya rabu na ɗinke shi da zare. Na haɗa miki shi da naki littafin, zan ba yaron motar ranar Litinin, ki sa a tarbe shi a tasha. Ki riƙe mini shi da kyau.

Idan kun zo Babbar Salla ina so ki ba ƙannenki na nan labarin jirgin, bayan Isha'i, a tsakar gida, da Hausa. Ki rage faɗan, ki bar tsohuwar da sunayen ruwanta, ki ƙara mata da na wajenmu. Zan sa a ajiye wa Goggonki kujera kusa da ke.

Ki gaida Babanki, ki ce masa maganin ƙafar ya iso.

Baffanki,
Aboabo, Kumasi