Wata Bakwai a Koriya, Har Yau Ba Aboki

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Wata bakwai ke nan ina karatu a Daejeon, Koriya ta Kudu. Abokan karatuna akwai fara'a, amma zumuncin bai wuce ƙofar aji ba. Sau biyu suka gayyace ni cin abincin dare na ƙi, don gudun naman alade da giya. Tun daga nan shiru. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Gaskiya da hannunka ka rufe ƙofar. A wurinsu, a bakin gasa nama ake ƙulla zumunci. Na ma'aikata ma har suna gare shi, "hoesik". Ni ma da na zauna Seoul haka na yi ta noƙewa, har kaɗaici ya ishe ni.

Ka je. Tun kafin a zaɓi wuri ka ce ba ka cin alade, ka nemi a je gidan kifi. In an kawo soju, giyarsu ke nan, ka ce lemo za ka sha. Abin da suke lura da shi shi ne ladabi: babba ya zuba maka, ka tallafi kofin da hannu biyu, in nasa ya ƙare kai ma ka zuba masa ruwa ko lemo. Kada ka ji haushi in sun fara da tambayar shekarunka, da ita suke sanin kalar maganar da za su yi maka.

Ka sauke KakaoTalk, manhajar hirarsu ta waya, can ake shirya komai. Suna kuma son hawan dutse a ƙarshen mako, ka bi su. In kewa ta dame ka, hau jirgin ƙasa mai sauri na KTX, kusan awa ɗaya ka isa Seoul, ka yi Juma'a a babban masallacin Itaewon da aka buɗe a 1976.