Ku Tambayi Bakanike: Motata ba ta ja, a cire mata indomi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Ni direba ne ina yin Jos zuwa Abuja da Corolla 2008, Beljiyam ce na ɗauko daga Legas bara, a can kam gudu take ba wasa amma tunda ta zo Jos ta zama wata iri, musamman in na ɗauko fasinja da kaya na zo Hawan Kibo sai in take totur har ƙasa tana ta kuka ba ja. Bakanikena ya ce a fasa indomi, wato abin da ke cikin bututun salansa yana tace hayaƙi, a cire, a cire tamostat na ruwan inji ma tunda wai na ƙasar sanyi ne, wani abokina kuma ya ce akwai mai kwamfuta da yake taɓa biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ya ƙara ƙarfi. Wanne zan fara?
Daga wani direba, Anguwar Rogo

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ko ɗaya kada ka fara. Da farko dai motarka ba ita kaɗai ba ce, duk motar da ba ta da tobo, wato na'urar da ke dura wa inji iska, in ta hawo Jos sai ƙarfinta ya ragu. Legas a bakin teku take, mu kuma muna kan tsauni mai tsayin wajen mita 1,200, iskar nan ba ta da kauri kamar ta can, shi kuma inji da iska yake ƙona fetur. Lissafin da aka saba yi shi ne duk hawan mita 300 inji yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa, kenan kafin ka iso Terminus a tsakiyar Jos ka riga ka bar kusan kashi 12 a hanya, ga mutane ga buhun dankali a but. Wannan babu bakaniken da zai gyara maka shi. A Hawan Kibo ka sauko da giya tun kafin motar ta fara nishi, in otomatik ce ka mayar da ita 2 ko L inda hawan ya yi tsanani, ka kashe esi har ka gama hawa.

Maganar tamostat ita ce ta fi ba ni haushi, domin ƙarya ce da ta daɗe a garejinmu har ta zama kamar karatu. Wai na ƙasar sanyi ne. To motocin da Toyota take sayarwa a Saudiyya da Dubai duk da tamostat suke zuwa, mun fi su zafi ne? Aikinsa ya tare ruwa har inji ya ɗau zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, a irin motarka yana fara buɗewa a wajen digiri 82. In ka cire shi injin zai riƙa daɗewa a sanyaye, biren bos kuma in ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, wani fetur ɗin ma ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi su riƙa cinyewa. Kuma a Jos fa, garin da lokacin hunturu da asuba mutum ba ya iya taɓa ruwan randa. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban ga direban da yake da kuɗin zubarwa haka ba. In mota tana obahitin, wato zafi fiye da kima, a duba lagireto ko ya toshe, a duba murfinsa da fanka da famfon ruwa, in tamostat ɗin ne ya maƙale a sayi sabo a saka. Haɗa fanka dairek da rewaya suke yi shi ma rufe ciwo ne kawai.

Indomi kuma gaskiya yana iya toshewa, in ya toshe mota ba za ta ja ba ko a kan shimfiɗaɗɗen titi. Amma a gwada tukuna, ba a fasa da zato ba. Sannan ka sani cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom, akwai masu saye, shi ya sa wasu suke saurin cewa a cire kuma ba za ka ga sun miƙo maka abin da suka fasa ba. Ban ce naka bakaniken haka yake ba. In an cire, wutar cek injin za ta kama ta zauna, ranar da matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba tunda ka saba ganinta, ga warin hayaƙi da fasinjan baya zai sha. Kuma indomi ba ya mutuwa haka kawai, yawanci fulogi ko koyil ne ba sa ƙona mai da kyau, ko injin yana shan baƙin mai.

Taɓa biren bos a injin da ba tobo abin da za ka samu kaɗan ne, da wuya ma ka ji shi a ƙafarka, kuma yana son fetur mai kyau kullum, mu da yau ka sha a wannan gidan mai gobe a wancan. Kuɗin ka kai su nan: a sa mata kwamfuta a karanta abin da take cewa, a canza iya kilina, wato filtar iska, don ƙurar hunturu tana cika shi da wuri, a wanke sensan iska da maganinsa na feshi ba da fetur ba, a sa fulogi Denso ko NGK na asali domin jabu sun yi yawa a kasuwa, a gwada ƙarfin famfon fetur da nozul. Ka ɗaga tayoyin kuma ka juya da hannu, sau da yawa birki ne yake riƙe mota ana ta zagin inji.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Camry 2012 gare ni, a murfin mai an rubuta 0W-20 amma duk juye sai yaron gareji ya ce wannan ruwa ne in sa 20W-50 mai kauri shi ne na Najeriya. Wa zan bi?
Daga wata malamar makaranta, Bukuru

AMSA: Hajiya ki bi murfin. Waɗanda suka ƙera injin ne suka rubuta. 20W-50 ya yi wa Fijo 504 da tsofaffin motocin kafireto aiki shi ya sa iyayen gidanmu suka saba da shi, amma injin naki hanyoyin mansa sirara ne, kuma VVT-i, wato abin da ke daidaita lokacin buɗe bawul ɗin inji, da matsin mai yake aiki. Mai kauri da safe cikin sanyin Bukuru kafin ya hau sama ƙarfe ya riga ya goga ƙarfe, wannan ƙarar kaf-kaf da ake ji in an tayar ke nan. In ba ki samu 0W-20 na kirki ba 5W-20 zai riƙe ki zuwa juye na gaba. Ki saya da kanki a wurin da kika amince, ki tsaya a buɗe galan a gabanki, a canza filta tare, kuma da ƙurar nan ni ba na bari a wuce kilomita 5,000. Man giya ma haka, naki na Toyota ne mai suna WS, kada a zuba miki kowane jan mai.

TAMBAYA: Oga ina so in sa wa Civic ɗina salansa mai ƙara da rim 18, zai ƙara gudu?
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Jos

AMSA: Ƙanena ƙara zai ƙaru, gudu kam a'a, sai dai maƙwabta su san lokacin da kake dawowa gida. Babban rim ya fi nauyi, motar za ta rage tashi ta ƙara shan mai, tayarsa kuma siririya ce rami ɗaya a hanyar Bauchi ya isa ya lanƙwasa shi. In kuɗin suna ƙaiƙayinka ka sa su a birki da taya. Ka duba lamba huɗu da ke gefen taya, 2319 misali tana nufin sati na 23 a 2019, irin wannan ko zanenta bai goge ba ta tsufa. Iska kuma ka duba takardar da ke jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35 ne, kada ka bar mai faci ya dura maka 50.