Tsofaffin finafinan soyayya masu waƙa: me ya sa ake tara su?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mutane ke zuba kuɗi a kan finafinan soyayya da barkwanci masu waƙa na Amurka, na farkon zuwan sauti, kuma ta ina za ka fara.

Daɗinsu dai a sakewa yake. Kafin a tsaurara dokar tace finafinai ta Hays a 1934, jarumai na zolayar juna da habaici son ransu. Nemi fim ɗin The Love Parade na darakta Ernst Lubitsch, na 1929: jarumai Maurice Chevalier da Jeanette MacDonald na cikin hira sai waƙa ta ɓarke, labari kuma bai tsaya ba. Wanda ya taso da finafinan Indiya ba zai ji baƙunta ba.

Tsadar kuwa ƙaranci ya jawo ta. Naɗin fim na lokacin da sinadarin nitiret ake yin sa, yana ruɓewa, yana kama wuta. Gobarar ma'ajiyar kamfanin finafinai na Fox a 1937 ta cinye da yawa. Wasu finafinan kamfanin Warner kuma sautinsu a faifan Vitaphone yake daban, sai a tsinci faifai babu hoto.

Ni da tara katunan tallar fim da ake kafawa a zauren sinima na fara, masu inci 11 da 14, takwas-takwas suke zuwa. Fosta ta asali, inci 27 da 41, a ninke ake aika ta gidajen sinima, don haka wadda ba ta da sawun ninki abar zargi ce. Na taɓa sayen irinta, fes da sheƙi, ashe bugun jiya ce.

Kada ka liƙa wa yagaggiyar fosta salatif, kai wa masu gyaran tsofaffin takardu. In ka ci karo da naɗin nitiret, kar ya kwana a ɗakinka, nemi ma'aikatan adana finafinai.