Yadda muke rubuta takardar neman tallafi a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum ƙanena. Ina gaida su Inna da mutanen gida baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambaya biyu a ciki: wane babban mutum ne ya tsaya mana har makarantar unguwarmu ta samu rijiyar burtsatse da banɗakin 'yan mata, sannan ko zan turo maka takardar da muka rubuta ka canza suna ka kai taku can Kano. Takarda kam zan turo, shafi uku ce, ba wani sirri a ciki. Sai dai canza suna kaɗai ba zai fisshe ka ba, domin rabin abin da ke cikinta amsa ce ga tambayoyin da ɗan Zango ake yi wa. Babban mutum kuwa babu. Abin da ya tsaya mana shi ne kafin a rubuta layi ɗaya an riga an gama magana da duk wanda zai iya tashi gobe ya ce bai sani ba.

Fili shi ne farko. Ku kuna zaune kan ƙasar iyaye da kakanni, mu kuwa kakanninmu fataucin goro ya kawo su. Salaga, wani gari a arewacin Gana, ita ce babbar kasuwarsu, da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892 fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya suka gangaro Kumasi bayan Turawan Ingila sun karya mulkin Asante. Inda aka sauke su ƙasar sarakunan Asante ce, kuma har gobe tasu ce, a ƙarƙashin fadar Manhyia, fadar babban sarkin Asante. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada. Haya ake bayarwa, ɗan ƙasa yawanci shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce 50. To duk mai ba da tallafin gini, ofishin jakadanci ne ko ƙungiya, da ya ga an rubuta unguwannin Zango irin su Aboabo ko Sawaba ko Asawase, tambayarsa ta farko ita ce filin na wa ne, ina takardarsa.

Makarantarmu a zauren wani malami ta fara, Allah ya jiƙansa. Ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki, gidan ya zama na gado. Kowa a unguwa ya san malam ya ce bayan gidan na makaranta ne, amma da baki ya faɗa. Mai kuɗi ba ya zuba siminti a kan "kowa ya sani". Dole muka bi magada ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ke Hamburg a Jamus, aka karanta masa takardar yarjejeniya ta WhatsApp, ya sa hannu ya ɗauki hoto ya turo. Babbar 'yar malam, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, ta ce sai an karanta mata da Hausa sau biyu a gaban liman. Aka karanta. Ta tambaya ko an rubuta cewa ba za a taɓa bishiyar darbejiyar da mahaifinta ke zama a ƙarƙashinta ba. Ba a rubuta ba, aka ƙara da biro a gefe, sannan ta dangwala yatsa. Wannan takarda mai layin biro ita muka liƙa a bayan tamu, kuma ita aka fi dubawa.

Na biyu, sarakuna. Ka daina ɗauka duk wanda ka ji yana Hausa a Zango Bahaushe ne. Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, amma a layi ɗaya za ka tarar da Mosi da Dagomba da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Busanga da Fulani da Yarabawa, kowace ƙabila da sarkinta, ga Sarkin Zango a sama. In takarda ta fita da hatimin Hausawa kaɗai, gobe ruwa ya zo, za a ce famfon Hausawa ne, ranar da inji ya ƙone kuma a ce Hausawa su gyara abinsu. Ga kuma rabuwar malamai, 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna, wadda ba sai na yi maka bayani ba, kun fi mu saninta. Shi ya sa kwamitin aikin ya ɗauko mutum daga kowane ɓangare, aka kuma zaga gida gida da goro ana gaisuwa. Wannan zagayen ya fi rubutun cin lokaci nesa ba kusa ba, samari har sun fara ƙorafin cewa tsofaffi na ɓata mana lokaci. Ni dai ban ga lokacin da ya ɓace ba.

Mu maza da muka zauna, ƙarin azuzuwa muka so. Magajiya, shugabar matan unguwa, ita ta juya maganar. Ta ce ku je ku ƙirga 'yan matan da ke ajin ƙarshe na firamare, ku ƙirga na ajin farko. Yarinya da ta fara girma ba za ta yini inda ba ruwa ba makewayi ba, sai ta koma gida tsakar rana, daga nan ta daina zuwa, ta koma taya uwarta sayar da wake da shinkafa ko koko da ƙosai. Shugaban makaranta ya buɗe rajista, maganarta ta fito a lissafi. Tun daga 1987 akwai sashen ilimin addinin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, makarantun da suka shiga tsarin suna haɗa Arabiyya da boko, gwamnati na biyan malaman boko, don haka rajistar da hatimin shugaban makaranta abu ne da ofis ya yarda da shi. Adadin da muka sa a takarda daga can muka kwaso, ba mu ƙara ko yaro ɗaya ba.

Ƙirgar gidajen da za su ɗebi ruwa ita ta ɗan ba da wuya, kuma dalilin ba zai zo maka a rai ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Zango ya girgiza, an rabu da dangi, an sayar da gidaje a wulaƙance. Tsofaffin da suka ga wannan da idonsu har yau ba sa son ganin saurayi da littafi a ƙofar gida yana rubuta sunaye. Saboda haka ba ma tambayar kowa daga ina kakansa ya zo. Lambar gida muke rubutawa da yawan masu kwana a ciki, kuma a tura wanda aka sani, ɗan layin.

Yanzu rubutun kansa. Da Turanci ake yi, samarinmu da suka yi jami'ar KNUST ko kwalejin malamai su ke riƙe alƙalami, amma da Hausa ake tsara shi a zaure, kuma in an gama a mayar da shi Hausa a karanta wa jama'a. Abin da ya gagara faɗa da Hausa a gaban tsofaffi, cire shi muke yi, don galibi kumfar baki ce. Wannan takarda ta farko ba cikakkiyar takardar aiki ba ce, ƙwanƙwasa ƙofa ce. In mai tallafi ya ga da alamar tafiya, shi zai turo nasa fom mai tsawo. Don haka a taƙaice take: su wa muke, me ke damunmu da hujjarsa, me za mu yi, wa zai amfana, nawa zai ci, wata nawa zai ɗauka, wa zai kula da shi bayan an tafi.

Abin da na fi faɗa da samari a kai shi ne sakin layi na farko. Son su suke su fara da cewa Zango matattarar talauci ce da jahilci da shaye-shaye, wai don a ji tausayi. Ba na yarda. Wannan suna an daɗe ana liƙa mana shi a ƙasar nan, ba mu za mu sa masa hatimi da hannunmu ba. Kuma ko ta fuskar dabara bai ci ba, mai kuɗi yana neman waɗanda za su iya riƙe abu ne. Sai mu rubuta abin da muka riga muka yi: azuzuwan da ke tsaye da kuɗin adashin mata aka yi su, wanda a nan ake kira susu, da taron bayan sallar Juma'a, da abin da 'ya'yanmu na Bronx da Italiya ke turowa. Sannan mu rubuta gudummawarmu a sabon aikin, fili da yashi da haƙan rami da abincin ma'aikata, kowanne da ƙimarsa a kuɗi. Shirin taimakon kai da kai na jakadan Amurka, misali, sharaɗinsa ne sai al'umma ta sa nata. Kuma aiki ɗaya ake nema. In ka haɗa ruwa da kwata da asibiti da filin ƙwallo a shafi uku, an san ba ku zauna ba.

Wajen kasafi akwai ramin da na nan kaɗai ke faɗawa. A 2007 aka sauya kuɗin Gana, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa 1. Yau shekaru da yawa ke nan, amma birkila da dattawa da matan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Magini ya ce maka miliyan 100, nufinsa sidi 10,000. In mai rubutu bai tsaya ya tambaya "tsohon kuɗi ko sabo?" ba, zai kai takardar da za a yi mata dariya a ofis. Bayan wannan sai tashin farashi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, wanda ya yi kasafi a farkon shekarar ya tarar kuɗin bai kai shi rufi ba. Tun daga nan kowane farashi muna rubuta ranar da aka karɓo shi, muna haɗa takardar farashi daga 'yan kasuwa uku, muna kuma ware ɗan kaso na ko-ta-kwana a fili, ba a ɓoye cikin kuɗin siminti ba. Da naira a hannunka, wannan ba sai na ja maka kunne ba.

Kuɗi ba ya shiga asusun mutum, ko liman ne. Ƙungiya sai ta yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin wadda ba ta neman riba, kamar yadda kuke yi a CAC, ta buɗe asusun banki da masu sa hannu uku. A namu ɗaya mace ce, ita ce ma'aji.

Ina ake kai takardar? Ƙofa ta kusa ita ce asambiliman, kamar kansila a wurinku, sai dai shi ba a tutar jam'iyya ake zaɓensa ba. Unguwanninmu suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong, wadda aka cire daga ta birnin Kumasi a 2012. Tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa irin waɗannan majalisu, su kuma suna aiki da tsarin raya ƙasa na shekara huɗu. Aikin da bai shiga tsarin ba, sai dai ya jira. Ko ba su za su biya ba, wasiƙar goyon bayansu tana ƙara wa takarda nauyi a ko'ina. Sai Asusun Raya Zango, wanda majalisar dokoki ta kafa da doka a 2017 zamanin Shugaba Akufo-Addo, har da ma'aikata guda ta Zango da unguwannin cikin birni, wadda aka rushe a 2021, amma asusun ya ci gaba. Ya yi azuzuwa da ruwa da fitilun titi da filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wurare daban daban, amma masu nema sun fi kuɗin yawa. Ofishin jakadancin Japan ma yana da shirin ƙananan ayyuka na makaranta da asibiti da ruwa. Ƙungiyoyin Larabawa da Turkawa kuwa rijiya da masallaci da marayu suka fi so, babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Akara, wanda aka buɗe a 2021, Turkawa ne suka gina. In su za a kai wa, a samo wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar ya rubuta da Larabci mai kyau. Takarda ɗaya ba ta shiga duk waɗannan ƙofofi, kowa a karanta sharaɗinsa a yanka masa tasa.

Sakin layin ƙarshe, na kulawa bayan an gama, shi ne inda muka fi zama a kai, don mun ga abin da ya faru da na wasu. A Gana banɗakin jama'a kuɗi ne, kuma sananne ne cewa in mulki ya sauya, samarin jam'iyyar da ta ci sukan je su ƙwace makulli. Muka rubuta ƙarara cewa rijiya da banɗaki mallakar makaranta ne, ba hoton ɗan siyasa, ba fentin launin jam'iyya. Ɗalibai kyauta suke sha. Maƙwabta suna biyan ɗan abin da aka yanka a kan kowace jarka, irin mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor. Wata bazawara da ke kallon famfon daga ƙofarta ita ke karɓa, tana da kasonta, sauran ana tura shi ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, zuwa asusu don katin wuta da gyaran inji. Duk ƙarshen wata sakatare yana karanta shiga da fita a ƙofar masallaci, rasit a hannu, wanda ke da tambaya ya yi. Kwafin wannan lissafi muke aika wa waɗanda suka ba da kuɗin, ko ba su nema ba, domin azuzuwan da muka ajiye maganarsu suna nan suna jira, kuma wurinsu za mu koma.

Kafin ka taɓa alƙalami, ka rubuto min filin da kuke so ku yi aikin a kai na wa ne, da wanda zai riƙe makulli. Daga nan sai mu duba takardar tare.